Filin Mata: Shatar Mota A Baƙuwar Ƙasa

 

Yau zancenmu na tafiya ne. A zamanin kakanninmu, in mace ta yi niyyar Makka, ta ƙasa a ke bi: a ratsa Barno, a wuce Fort Lamy wadda yanzu a ke kira Njamena, a shiga Sudan, kana a haye Bahar Maliya. Waɗansu su kan shekara da shekaru a hanya. Yanzu kuwa Allah ya kawo sauƙi. Mata daga Mafara da Bakura da Maradun, har da nan Birnin Tudu, suna zuwa Umra su komo cikin mako biyu ko uku. Waɗansu kuma su kan haye Nijar, ko biki, ko gaisuwar rasuwa, ko ziyarar dangi.

Amma fa jirgin sama a filinsa ya ke sauke ki, motar gida kuma sau da yawa a bakin iyaka ta ke tsayawa. Daga nan tilas sai hayar mota, a ƙasar da ba ki san kuɗinta ba, ba ki san hanyoyinta ba, watakila ma ba ki jin harshenta. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. A nan ne guzurin mace ya kan zube, wani lokaci ma har lafiyarta ta shiga haɗari.

To, ga abu ɗaya da na ke so kowace ta riƙe: kada ƙafarki ta shiga mota, kada kuma a ɗora kayanki, sai magana ta ƙare. Muddin kina tsaye a ƙasa, jakarki tana hannunki, ciniki naki ne, in bai yi miki ba ki nemi wata motar. Da an ɗaure kaya an tayar da mota, ciniki ya koma hannun direba.

Hayar mota iri uku ce. Akwai ta kujera, watau ki biya kuɗin mazauninki kaɗai, a jira mota ta cika. Akwai shata, watau ku ɗauki mota duka da direbanta, ta kai ku inda ku ke so. Akwai kuma wadda kamfani ya ke ba mutum makulli ya tuƙa da kansa na 'yan kwanaki. Yawancinmu da biyun farko mu ke hulɗa, saboda haka da su za mu fara.

Tambayoyi biyar kafin a shiga

Ta farko: nawa ne, kuma da wane kuɗi? Ta biyu: kuɗin nan na mutum ɗaya ne ko na mota duka? Ta uku: daga ina zuwa ina, tasha ko ƙofar masauki? Ta huɗu: wa zai sayi mai, wa zai biya kuɗin hanya da na kaya, kuma in za a jira mu, jiran awa nawa ne a cikin kuɗin? Ta biyar: yaushe za a biya?

Game da ta biyar ɗin nan, shawarata ita ce kada a biya duka tun farko. In direba ya nemi na mai, a ba shi wani abu, a riƙe sauran sai an sauka an ƙirga kaya. Direban kirki ba ya jin haushin wannan, don shi ma ya san haka a ke yi. Wanda ya fusata don an yi masa tambaya, ya riga ya gaya miki halinsa tun kina ƙasa, sai ki gode Allah ki ja jakarki.

In Nijar za ku

Mu mutanen wannan yanki, hanyarmu mafi sani ita ce ta Sakkwato zuwa Illela, kimanin kilomita 85, a haye zuwa Birnin Ƙonni. Masu zuwa Maraɗi kuma su kan bi ta Katsina da Jibiya. Daga Ƙonni zuwa Yamai ya kai kilomita 400 da 'yan kai, saboda haka wadda za ta can kada ta ɗauka tafiyar hantsi ce.

Direban Ƙonni Hausa ya ke ji kamar ke, amma lissafinsa dabam. A Nijar da dala a ke ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In ya ce dala ɗari, sefa 500 ya ke nufi. In ya ce jaka, ko jika yadda su ke faɗi, sefa 1,000 ke nan. Mu kuwa a nan gida, jaka naira 200 ce, tun daga zamanin da a ke kiran fam ɗari jaka guda. Ku duba, ga misali, a ce direba ya yanka muku jaka ashirin. Ke kin ɗauka naira 4,000, shi kuwa sefa 20,000 ya ke jira. Ba wanda ya yi wa wani ƙarya, amma ga rigima a tsakiyar tasha, ga kunya a gaban dangin da ku ka je gani. Maganin abin shi ne a faɗi sunan kuɗin, a kuma rubuta shi da lamba: sefa kaza. In da naira za a biya, a daidaita canji tun kafin a tashi, domin sefa a ɗaure ta ke da kuɗin Turai, ba ta hawa da sauka kamar naira.

Sa'an nan maganar takardu. In kun yi shatar mota tun daga gida don ta haye da ku, bai isa a ce ku kuna da takardunku ba, ita ma motar sai da nata: takardun mallaka, lasin direba, inshora mai aiki a can, da takardar izinin shiga daga 'yan kwastan. Tun 1982 ƙasashen ECOWAS su ka kafa wani katin inshora mai ruwan ƙasa domin motoci masu haye iyaka. Amma ku tuna al'amuran iyaka sun yi ta juyawa. An rufe iyakokinmu na ƙasa a Agusta 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disamba 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023, aka buɗe a Maris 2024. Kana a Janairu 2025 Nijar ta fita daga ECOWAS. Saboda haka kada ku dogara da labarin wadda ta je bara. Ku sa mai gida ko wani babba ya je ofishin ƙungiyar direbobi a tasha ya tambayi abin da a ke karɓa a wannan makon, kuma ku zaɓi direban da ya saba haye iyakar nan. In ba a sami irinsa ba, ya fi sauƙi ku sauka a Illela, ku haye da kanku, ku ɗauki motar can a tasharsu.

A tasha na ce, ba a bakin titi ba. Motar tasha tana da shugabanni waɗanda su ka san direban, in an yi mantuwa ko ɓacin rai akwai wurin kai ƙara. Motar bakin titi ta kan fi araha, amma in ta ɓace da kayanki wa za ki tambaya? Araha ba ta ado. Har wa yau, kowa ya san halin da hanyoyinmu su ke ciki a shekarun nan. A tashi da rana ta fito, a isa kafin ta faɗi, a nan gida da can duka. In lokaci ya ƙure, a kwana.

In Makka da Madina za ku

A lokacin Hajji, hukumar alhazai ce ke shirya manyan motocin da za su kai ku Madina da Makka da Mina da Arafa, kuɗinsu yana cikin kuɗin kujera. Inda mace ta ke buƙatar haya da kanta shi ne wajen ziyara, da zuwa kasuwa, da kuma tafiyar Umra in wanda ya shirya muku tafiyar bai haɗa da mota ba. Wannan ma abin tambaya ne tun a gida, kafin a biya shi: mota daga filin jirgin Jidda zuwa masauki tana ciki ko ba ta ciki?

Kuɗin can riyal ne, kuma tun 1986 riyal 3.75 ne dalar Amurka ɗaya. Allah ya taimake mu, ƙirgarmu ta gomomi daga Larabci ta fito: ishirin, talatin, arba'in, hamsin, sittin, duk kusan haka su ke faɗi. Ɗari ita ce miya, ɗari biyu kuwa metan, kamar yadda tsofaffinmu su ke cewa. Wurin da a ke tuntuɓe shi ne tsakanin hamsa ashar, watau 15, da hamsin, watau 50. Cikin hayaniya kunne ba ya rabe su. Ki miƙa masa waya ya buga lambar ki gani da idonki. In da alƙalami ya rubuta da lambobin Larabci, ku tuna da lambobin shafin Alƙur'ani: biyar ɗinsu zagaye ne kamar sifirinmu, sifirinsu kuwa ɗigo ne.

Akwai kuma kalma ɗaya da za ku riƙa ji a bakin direbobi, ita ce nafar, ma'anarta mutum ɗaya. In ya ce riyal kaza nafar, ku kuwa ku huɗu ne, to, sau huɗu za ku biya. Ku tambaya da kyau, ku nuna motar da hannu ku ce duka, har ya amsa.

Za ku sami direbobi masu jin Hausa a Makka da Madina da Jidda, jikokin mutanenmu da su ka je tun da daɗewa su ka zauna. Jin harshenki a baƙon wuri abin daɗi ne, kuma da yawansu mutanen kirki ne. Amma jin Hausa ba shi ne lasin ba. Dokar ƙasar ta hana ɗaukar fasinja da motar da ba ta da izinin haya, musamman a filin jirgi. Wanda ya tare ki tun a ƙofar fita yana jan akwatinki, ki ce masa a'a cikin ladabi, ki nufi layin tasi. Akwai kuma motocin Uber da Careem da a ke kira ta waya. Amfaninsu shi ne kuɗi da sunan direba da lambar mota duk suna fitowa a rubuce kafin ki shiga. In ba ki iya ba, ki roƙi ma'aikacin masauki ya kira miki.

Ziyara ita ce ta fi kawo gardama, domin tafiya ce mai tsaye-tsaye. A Madina a kan je Masallacin Ƙuba, da Uhudu, da Masallacin Alƙibla Biyu. A Makka a kan je gindin Dutsen Nur inda kogon Hira ya ke, da Dutsen Saur, da Arafa. Ku lissafa wa direba wuraren ɗaya bayan ɗaya, ku kuma yanke minti nawa zai jira a kowane wuri. In ba haka ba, kina cikin raka'a biyu a Ƙuba yana ta danna ƙaho, ko kuwa a dawo ya ce kun daɗe sai an ƙara masa.

Tsakanin Madina da Makka wajen kilomita 450 ne. Wadda ta taso daga Madina da niyyar Umra, tilas a tsaya mata a miƙati, watau Zul Hulaifa, wanda a ke kira Abyar Ali, kusa da fita gari. Ku faɗa wa direba wannan tun kafin a tashi, kada ku ɗauka ya sani. In aka wuce miƙati ba harama, magana ta koma ta komawa baya ko yanka, sai ku tambayi malamanku. Kuma ku guji direban da ya kwana yana aiki zai sake ɗaukar doguwar hanya da dare. A Oktoba 2019 wata babbar mota ta yi karo a kusa da Madina, mutum 35 su ka rasu. Allah ya jiƙansu. Ku zauna a baya, ku ɗaura bel, kuma kada kunya ta hana ki cewa ya rage gudu. Tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai sauri tsakanin Makka da Jidda da Madina, wanda ya kan yi tafiyar cikin awa biyu da rabi ko kusa da haka. Sai dai kayan da a ke shiga da su ƙayyadaddu ne. Wadda kayanta ba su da yawa, ta tambayi kuɗinsa kafin ta yi cinikin mota.

Wani abu kuma: a kan rufe hanyoyin da ke kewaye da Harami lokacin salla, balle da azumi. Direba zai iya sauke ku nesa ya ce ba hanya, kuma gaskiya ya faɗa. In akwai tsohuwa ko mai ciwon ƙafa a cikinku, ku auna lokacin isa don kada ya faɗa kan salla. Kowace kuma ta riƙe katin masauki a jikinta, ba a cikin akwati ba.

Yanzu ga gargaɗi mafi girma. In kwanakin Hajji sun matso, ba a shiga Makka sai da takardar izini. A kan sami masu mota da ke ce wa waɗanda ba su da takarda, ku kawo kuɗi in bi da ku ta bayan gari. Don Allah kada wata ta yarda. Irin waɗannan su kan sauke mutane a cikin sahara kafin shingen 'yan sanda, su ce a ƙarasa da ƙafa. A Hajjin 2024, da aka yi zafi mai tsanani, hukumar ƙasar ta ce mutum 1,301 su ka rasu, kuma kashi 83 cikin 100 nasu ba su da izinin Hajji, sun yi doguwar tafiya a ƙasa cikin rana ba inuwa. A 2025 kuma aka sanar da tara har riyal 20,000 ga wanda aka kama ba izini, da har riyal 100,000 ga wanda ya ɗauko shi. Wannan mota, ko kyauta ce, ba a shiga.

Wadda za ta tuƙa da kanta

Tun ran 24 ga Yuni 2018 mata su ke tuƙi a Saudiyya, kuma cikin 'ya'yanmu akwai waɗanda karatu ko aiki zai kai su waɗansu ƙasashe. To, kamfanin haya zai nemi fasfo, da lasin tuƙi, sau da yawa har da lasin na ƙasa da ƙasa wanda a ke nema tun a gida. Zai kuma riƙe wani kuɗi na jingina daga katin banki, sai an mayar da mota lafiya ya sake shi. Kamfanoni da yawa ba su ba wanda bai kai shekara 21 ba.

Kafin a karɓi makulli, a zaga motar tare da ma'aikacinsu, a ɗauki hoton kowane ƙarje da lotsawa, da ma'aunin mai, da lambar tafiyar da motar ta yi. A duba tayar ajiya. A tambaya: kilomita nawa aka yarda a yi a yini, kuma nawa ne in an zarce? Da mai nawa za a mayar da ita? In an yi haɗari, nawa ne rabon mai haya kafin inshora ta ɗauki sauran? Wannan ta ƙarshe ita ce mutane ba su tambaya, ita ce kuwa ta fi cizo. Kada wanda ba a rubuta sunansa a takarda ba ya tuƙa, ko da mijinki ne, domin inshora ba za ta san da shi ba. A Saudiyya na'urorin ɗaukar hoto ne ke kama mai gudu da mai keta jar wuta, tarar kuwa kan mai haya ta ke faɗawa. In wani abu ya faru, kada a yi sulhu a bakin hanya, a kira kamfani da hukuma. Lambar motar asibiti a can 997 ce. Nijar da Saudiyya hannun dama su ke bi kamar mu, amma Ingila hagu ta ke bi, yadda mu ma mu ke yi kafin Afrilu 1972. Wadda ba ta saba ba, kada ta fara gwaji ranar da ta sauka da gajiyar jirgi.

Ku 'yan makaranta

Ku kuma 'yan matanmu, ga aikinku. In Inna ko Gwaggo ko Kaka za ta yi tafiya, ku zauna da ita tun da sauran kwana biyu. Ku rubuta mata tambayoyin nan biyar a takarda da manyan baƙaƙe, da boko ko da ajami, wanda ta fi ganewa. Ku bar fili na sunan direba, da lambar mota, da kuɗin da aka yanke. Ku koya mata yadda za ta ɗauki hoton lambar mota da waya ta aiko gida kafin a tashi. Lambobin motocin Saudiyya suna ɗauke da rubutun Larabci da na boko duka, saboda haka ba wuyar karantawa. Direban da ya ga an aika da lambarsa gida ya san wannan baƙuwa tana da masu ita. Wannan shi ne amfanin ilmin da a ke ba ku, ba sai kun gama makaranta za a fara cin moriyarsa ba.

Daga ƙarshe, mu ma mu yi wa direba adalci. Alkawari kaya ne. In an ce ƙarfe bakwai, kada a fito ƙarfe tara. In an ce akwati uku, kada a fito da shida da jarkar Zamzam a ce ai ba kome. In an isa lafiya, a biya abin da aka yanke ba ƙwange, a yi masa godiya. Wadda ta sami direban kirki ta riƙe lambarsa ta ba 'yar'uwarta mai zuwa a baya, don haka a ke gane na gari.

Wadda ta ke da wata dabara da ba mu ambata ba, ta aiko mana da wasiƙa don sauran 'yan'uwa su amfana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi zancen ɗaurin kaya da irin guzurin da ba ya lalacewa a hanya. Allah ya kiyaye hanya, ya kai matafiyanmu lafiya ya komo da su lafiya, amin.